Nan Ma Gida Ne

A Tungar Gishiri an yi wani mutum da ayu ta shayar. Sunansa Nomau. Mutanen tungar Sarkawa ne. Kakanninsu sun yi ta bin kogi suna su suna gangarawa, har ranar da wani ya kamfaci ruwa zai sha ya ji gishiri. Suka ce to, nan kogi ya ƙare, suka kafa bukkoki a inda yake shiga teku. Mahaifiyar Nomau cikin jirgi ta rasu, tana rungume da shi yana jinjiri. Jirgin ya yi ta yawo da gawa da mai rai, har wata ayu da ɗanta bai daɗe da mutuwa ba ta ji kukan. Ta ɗago ta jingina da gefen jirgin ta ba shi nono. Da masu nema suka hango su, yaron na barci da ƙoshinsa, ayun tana tura jirgin da hanci zuwa gaɓa.

Liman ya ce nono nono ne, wadda ta shayar da kai uwarka ce ko da gashin baki gare ta. Daga ranar aka rataye mashin farautar ayu a tungar, ba a sake sauko da shi ba. Nonon ya bar wa Nomau abu biyu: yana jin maganar halittun ruwa, kuma in ya yi nutso sai mace ta dama fura ta gama bai ɗago ba. Yana ce wa ayun Inna, ita kuma tana ce masa Natudu. Ya girma, ya yi aure, gemu ya fito, amma bai taɓa jefa taru ba sai ya fara nutsawa ya gaishe ta.

Inda Inna ke kiwo wata makiyaya ce a ƙarƙashin ruwan mashigin, wurin da ba zurfi, rana na kaiwa har ƙasa. Ciyawar doguwa ce kamar ganyen albasa. Saiwoyinta ne ke riƙe da yashi, shi ya sa ruwan yake garau. Jatan lande da ƙaguwa nan suke ɓuya, kififiya nan take kalaci, kuma duk kifin da aka taɓa bandawa a tungar cikin ciyawar nan ya yi rarrafe.

To, mu Hausawa Allah ya ɗora mana kara. Baƙo zai iso tuwo bai ishi masu gida ba, mu tura masa kwano mu ce mun ƙoshi. Mun san ba haka ba ne, shi ma ya sani, kowa ya rufa wa kowa asiri a rabu lafiya. Abin da ba mu lura ba shi ne, ba kowace halitta ce ta san wannan wasa ba.

Wata rana da hantsi Nomau na ɗinkin taru a bakin mashigi, sai ya hango wani abu ruwan zuma yana tahowa bisa ruwa, faɗinsa bai fi tabarma ba. Bisa kansa mace ce zaune, zanenta ruwan zuma, wuya da hannu duk duwatsun ado. Abin da take zaune a kai ciyawa ce marar saiwa, kowane reshe da 'yan ƙwallaye masu iska da ke hana ta nutsewa.

Matar ta ce, "Aminci ya tabbata gare ka, ya ma'abocin wannan gaɓa. Ni matafiya ce. Na wuce gaɓoɓi masu yawa, ba inda aka bar ni na huta."

Tausayi ya kama Nomau. Ya ce, "Maraba da baƙuwa, sannu da hanya. Mace ɗaya bisa wanga ruwa? Iso ki huta, baiwar Allah. Ai nan ma gida ne."

Ta dube shi. "Gida ka ce?"

"Gida ne mana."

"Na karɓa. Ruwa shaida ne."

Nomau ya koma kan tarunsa, kafin azahar ma ya manta ya faɗa.

Washegari tabarmar ta kai faɗin masussuka. Mata suka yi ta sha'awa, suna tsinkar ƙwallayen suna fasawa tsakanin yatsu. Tsofaffi suka ce kainuwar teku ce, dashen Allah, a ƙyale ta. Wasu suka ce baƙo raɓa ne, rana na ɗagawa za a neme ta a rasa. Kafin wata ya mutu ta rufe mashigin daga wannan gaɓa zuwa waccan, kaurinta har mutum ya soka filafilin tuƙi ya tsaya da kansa.

Nomau ne ya fara ganin ɓarnar, tunda shi ke nutso. Ƙarƙashi ya yi duhu da rana tsaka. Ciyawar makiyaya da ta daina ganin rana ta yi rawaya, ta yi laushi, ta shiga tsigewa da kanta. Da saiwoyi suka saki yashi, ruwa ya dagule. Baƙuwar ciyawa kuwa, wadda ta tsufa sai ta nutse ta kwanta bisa ragowar makiyaya ta ruɓe, ta shanye wa ruwan numfashi. Kowace safiya sai a tarar da 'ya'yan kifi birjik, ciki sama, baki buɗe.

Tudu ma bai tsira ba. Igiyar ruwa ta yi ta tara ciyawar a gaɓa har ta fi mutum tsawo, tana warin baragurbi. 'Yan kunnen azurfa suka yi baƙi a kunnen mata, jarirai suka kama tari. Kififiya ta fito yin ƙwai ta rasa yashin tonawa. 'Ya'yanta da suka riga suka ƙyanƙyashe suka maƙale cikin tarin kafin su kai ruwa, hankaki ya samu na banza. Maza suka ɗauki manjagara suka kwashe suka ƙone, gari na wayewa ta dawo ninki. Taru ya shiga ruwa ya fito da ciyawa, a jefawa ta uku ma ya yage. Matar Nomau, Ladingo, wadda hayaƙin bandarta ba ya yankewa, ta share murhu ta kife kwando.

Garken ayu suka yi shawara suka nufi kudu, inda aka ce akwai wani kogi da ciyawarsa ba ta ƙarewa. Inna ba ta bi su ba. Nomau ya gan ta tana turbuɗa baki cikin laka tana neman saiwa, wuyanta da a da ba ya iya rungumewa ya fara tattarewa. Hankalinsa ya tashi ƙwarai, don ya gane in aka ci gaba a haka yunwa za ta kashe masa uwa yana kallo.

Ya sari hanya da adda har tsakiyar ciyawar, ya tarar da matar zaune tana tsefe kai. Ya ce, "Baiwar Allah, na zo da magana mai nauyi. Makiyaya ta mutu, kifi ya ƙare, uwata na kwana da yunwa. Ki dubi Allah ki ƙara gaba."

Ta ce, "Sunana Shawagi, 'yar Sarkin Teku Marar Gaɓa. Da bakinka ka ce nan gida ne, na sake tambaya ka sake faɗi. A shari'armu ba a korar kowa daga gidansa. Ban ci ciyawarku ba, ban taɓa kifinku ba. Zama na yi na haihu, yadda kowa ke yi a gidansa."

"Ai wagga magana kara ce, kowa na faɗinta."

"Mece ce kara?"

Gaskiya ko ni aka tambaya da na yi shiru. Yaya za ka gaya wa aljana cewa kara ita ce faɗin abin da ba ka nufi, don kada wani ya ji kunya? A wurinsu wannan suna ɗaya gare shi, kuma ba mai daɗi ba ne. Nomau ya juyo gida yana tuna cewa magana zarar bunu ce.

Ladingo ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Maigida, kai ba ka taɓa sallamar baƙo ba, shi ya sa. Mu mata mun san mi ake yi. In baƙuwa ta zauna har inuwa ta juya, ba a ce mata tashi. Kayanta za ki ɗauka ki aza bisa kai, ki ce bari in taka miki. Ban ga wadda za ta ga kayanta bisa kan mai gida ta ci gaba da zama ba."

Nomau ya koma. Ya kamo gefen ciyawar ya murɗa ta igiya, ya ɗaure a wutsiyar jirginsa, ya ce, "Baiwar Allah, bari in taka miki."

Shawagi ta ajiye matsefi. Hawaye suka biyo kumatunta. Can ta ce, "Wannan shari'a mu ma muna da ita. Wanda aka ɗaukar wa kaya dole ya tashi. Amma rakiyarmu ba irin taku ba ce da ake juyawa daga bakin zaure. Za ka ja kayana har ƙofar ubana. In ka gaji ka kwance igiya a hanya, nan zan dawo. In kuwa wani ya yi mini maraba muna tafe, can zan sauka, kai kuma ka huta."

Ya ce ya ji ya yarda. Ladingo ta ɗaure masa gari da ragowar banda. Kafin ya tashi ya nutsa wurin Inna ya ce, "Inna, tahiya ta kama ni, ban san ranar dawowa ba. Ki bi 'yan'uwanki kudu tun kina da ƙarfi."

Ta shafa fuskarsa da gashin bakinta. "In na tafi, Natudu, wa zai amsa maka sallama in ka dawo? Je ka. Akwai sauran saiwa."

Ya san babu, ita ma ta san ya sani. Ya hau jirgi ya sa filafili. Ciyawar ta motsa, ta biyo shi gaba ɗaya kamar ana janye bargo daga kan mai barci, rana ta faɗa cikin ruwan mashigin. Mutane suka tsaya a gaɓa suna kallo har ya ɓace.

Nauyin ba ya faɗuwa. Tafin hannunsa ya sale, ya warke, ya sake salewa. Gari ya ƙare ya koma cin ɗanyen kifi, in hadari ya zubo ya tara da ƙwarya. Suna nan tafe har suka iso wata gaɓa inda ruwa baƙi ne, ba tsuntsu ko ɗaya, itatuwan da ke tsaye cikin ruwa duk sun bushe. Bisa wani kututture wata tsohuwar ƙaguwa ce zaune, ɗan yatsanta ɗaya ya guntule.

Ƙaguwar ta ce, "Ya mai jan kaya, wannan ita ce Gaɓar Shiru. A da gari ce, hayaniyarmu har tudu ake ji. Yayar wadda kake ja ce ta biyo, sarkinmu ya ce ta tsaya ta sha ruwa. Sai da ta shanye mu sannan iska ta kwashe ta."

Shawagi ta matso ta ce, "Ɗan Adam, ga inda ba sauran abin da zan kashe. Roƙi tsohuwar nan ta yi mini maraba, ka koma ga uwarka tun tana numfashi."

Maganar ta shigi Nomau. Ya juya zai yi roƙon ke nan sai idonsa ya faɗa kan lakar da ke gindin kututturen. Wasu 'yan tsirrai ne koraye, ba su fi tsawon allura ba, ƙaguwar ta kewaye su da tsakuwa.

Ƙaguwar ta ga inda yake duba. Ta ce, "Tun ina budurwa nake jiransu, bana suka fito. Amma kai baƙo ne. In ka roƙa ba zan iya hana ka ba."

Nomau ya haɗiye roƙonsa, ya ji ɗacinsa har ciki. Ya ce wa ƙaguwar Allah ya raya su, ya sa filafili ya wuce.

Daga nan suka shiga ruwan da kifayensa ke tashi sama kamar fara, suka wuce wani dutse da ke numfashi yana fesa ruwa, ashe bayan wata dabba ce. Damina ta same su a hanya ta wuce. Sai ga wani tsibiri kore shar, ruwansa garau, ƙarƙashinsa duwatsu masu rai, ja da shuɗi da fari, kifaye na shiga suna fita cikinsu. Mutanen tsibirin suka hango jirgi suka sheƙo gaɓa, mata da ƙoren ruwan sha, wani dattijo a gaba ya ɗaga hannu zai yi magana. Nomau ya san kalmar da ke bakin dattijon, ai shi ma ya taɓa faɗinta. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Ya miƙe tsaye cikin jirgi ya kware murya. "Rufe bakinka, tsoho! Kada wanda ya gaishe mu. Wa ya ce muna son ruwanku?"

Mutumin da tun da aka haife shi bai taɓa ɗaga wa babba murya ba, ranar sai da ya zagi gari guda har kakanninsu. Dattijon ya sauke hannu. Samari suka ɗebi duwatsu, ɗaya ya fasa masa gira. Ya yi ta tuƙi jini na shiga masa ido, ga ƙishirwa, ga kunya da ta fi dutsen zafi.

Shawagi ta tsinki ganye ta miƙa masa ya danne wurin. Ta ce, "Yau ka ɗanɗani abin da nake samu a kowace gaɓa." Ya dube ta, ya ji duk haushin da yake ji nata ya koma tausayi, bai kuwa so hakan ba.

A ƙarshe iska ta ɗauke, igiyar ruwa ta kwanta. Ko ina ya duba ciyawa ce ruwan zuma har inda sama ta taɓa ruwa. Amma a nan ba wari. 'Ya'yan kififiya na barci cikin rassan, ƙananan kifaye masu launin ciyawar na wasa a ƙarƙashi, tsuntsayen da suka gaji da ƙetare teku na sauka suna hutawa. A tsakiya wani tsoho ne zaune bisa ruwa, kuma duk ciyawar nan gemunsa ce ta bazu.

Nomau ya durƙusa cikin jirgi. "Ranka ya daɗe, ga ɗiyarka na rako."

Sarkin ya ce, "Mun ga rakiya, ya ɗan Adam. Kana mamakin yadda abin da ya kashe muku ruwa yake raya namu. A nan zurfi ba shi da iyaka, ba abin da ke ƙasa yana jiran rana, inuwarta rahama ce. A wurinku kuwa ƙasa kusa take."

"To mi ya fitar da ita, ranka ya daɗe?"

"Ku. Kogunanku sun yi ta kawo mana takin gonakinku da dattin garuruwanku, ruwa kuma ya yi ɗumi. 'Ya'yana suka ƙoshi suka hayayyafa har gida ya yi musu kaɗan. Wannan ka dawo da ita, amma ƙannenta na bisa hanya, kuma ba dukansu ke jiran a yi musu maraba ba." Sai ya sassauta murya. "Ka sha wuya. Kwance igiya ka miƙe ƙafa. Ai nan ma gida ne."

Godiya ta taso wa Nomau har kan harshe, don haka aka tarbiyyantar da shi. Ya cije ta. Ya ce, "Ranka ya daɗe, nan ba gidana ba ne. Uwata na jira."

Sarkin ya yi murmushi. "Da ka ce na gode, da ka zauna tare da mu har tashin duniya. Je ka."

Yana kwance igiyar Shawagi ta ce, "Kai kaɗai ka taɓa yi mini maraba. Yanzu na gane ba har zuciya ka faɗa ba. Duk da haka na ji daɗinta." Ta nutse cikin gemun ubanta, bai sake ganinta ba.

Jirgi ba kaya, Sarkin kuma ya aiko iska ta tura shi, amma hanya ba ta gajarta don mutum na sauri. Ranar da ya shigo mashigin Tungar Gishiri ruwa garau yake, wari ya tafi, yaran da ya bari a goye suna gudu a gaɓa. Mutane suka taru ana sannu da zuwa, wani har ya ɗauko kalangu. Nomau bai ga kowa ba sai Ladingo, da furfura a gaban goshinta.

"Tana nan?"

"Tana nan, maigida. Kullum ina hawa kogi in yanko mata ciyawa, amma abin da kaina ke iya ɗauka bai kai karin kumallonta ba. Makiyaya ba ta dawo ba. Masunta sun ce ruwa na gangarawa kudu wanga wata. In ta bi shi zai kai ta ko ba ta da ƙarfi. In ya juya, shi ke nan."

Ya nutsa. Inda makiyaya take a da laka ce shimfiɗe, sai tsiro ɗaya nan ɗaya can, irin waɗanda sai jikokinsa za su ga sun yi tsawo. Inna na kwance bisa lakar. Fatarta ta yi mata yawa, ana ƙirga haƙarƙarinta. Ya yi sallama, ta amsa tun kafin ya rufe baki.

"Ka rame, Natudu," in ji ta.

Kuka ya ƙwace masa, abin da ba a gani a cikin ruwa. Ya tallafo ta suka ɗago sama kusa da jirgi. Ya ce, "Inna, na dawo, kin amsa. Yanzu ki tahi kudu. Ciyawar nan ba za ta ciyar da ke ba ko shekara nawa kika jira."

"Na jira ka duk wannan lokaci don in tafi ranar da ka zo? Nan na shayar da kai. Nan zan kwanta."

"To bari in taka miki."

Ta yi 'yar dariya, kumfa ta fito mata ta hanci. "Ɗauki kayan nawa mu gani. Ba ni da kaya sai kai."

Ya roƙe ta don Allah, ya roƙe ta don nonon da ya sha. Ta ƙi. Ya hau jirgi ya ɗaure fuska yadda ya yi wa mutanen tsibiri, ya ce, "Ke ba uwata ba ce. Dabba ce ke, kin ishe ni, kin ishi tungar nan. Tahi ki ba mu wuri."

Ta jingina kai da gefen jirgin, ta lumshe ido. "Ni ba aljana ba ce, Natudu, na daɗe da mutane. Na san bakinka yana faɗin abin da ba ya nufi."

Nan ya gane magana ta ƙare. Duk abin da zai faɗa za ta ji ƙaunar da ke bayansa ta zauna, ruwa ya juya, ya binne ta kafin damina. Ya dubi kudu, ya dubi ƙashin bayanta da ya fito. Ya ɗaga filafili da hannun dama, ya sauke mata a kafaɗa da duk ƙarfinsa.

Har gaɓa aka ji ƙarar. Mai kalangu ya tsaya.

Inna ta buɗe ido ta dube shi. Ta daɗe tana dubansa, shi kuma ya riƙe fuskarsa a ɗaure, filafili a sama kamar zai ƙara. Sannan ta janye kanta daga jirgin a hankali, ta juya, ta bi ruwa. Ya tsaya yana ganin hancinta na ɓullowa tana shaƙar iska, nesa, can nesa, har ya daina gani. Sai a lokacin ya zauna cikin jirgin, kuma sai da Ladingo ta shigo ruwa har ƙirji ta jawo shi gaɓa.

Bayan shekaru wasu fatake da suka fito daga kudu suka ce sun ga garken ayu a wani babban kogi, cikinsu har da wata tsohuwa mai ƙiba da tabo a kafaɗa. Sauran sukan matso kusa da jirage, in ji su, amma ita da ta hango filafili sai ta nutse. Nomau ya ce alhamdulillahi, ya tashi ya shiga ɗaki.

Tun ranar da ya dawo bai sake kai hannun dama baki ba. Da hagu ya ci abinci har ya mutu. Baƙin da ba su san labari ba sukan dubi juna in sun gani, wani ma har ya yi gyaran murya. Ladingo kuwa sai dai ta matso masa da kwanon ta wajen hagun.